Ranar da Na Tsaya a Wajen Kaina

Laraba, 7 ga Mayu, bayan la'asar

Jiya matata Safiatu ta sauka. Mace. Na rubuta na sake dubawa.

Shekarun da muka yi muna jira ba zan lissafa su ba, mutanen gidan nan sun daɗe suna lissafa mana, sun ma fi mu riƙe adadin. Nas ta miƙo min ita a cikin zane, ba ta da nauyi ko kaɗan, don ta riga lokacinta zuwa. Na yi mata kiran salla a kunne, na raɗa mata sunanta. Sunan yana nan tsakanina da ita sai Talata mai zuwa, ko uwarta ban faɗa wa ba. Da ma Safiatu ta ce kada in wahalar da kaina, 'yar fari ce, ita ba za ta taɓa kama sunanta da bakinta ba, haka aka tashe ta a gidansu.

Na tuna na cire takalmana a barandar asibiti na yi sujada. Daga nan ban san komai ba. An ce an gan ni a kasuwar Kejetia ina kutsawa tsakanin motocin haya na trotro, an ce a unguwar Alabar na rungume wani mai gyaran agogo da ban taɓa sani ba. Ni dai na farga ne a tsakar gidanmu a Zango, Gwaggo Hamamatu, ƙanwar babana, tana girgiza kafaɗata tana cewa, "Buraima, kai, Buraima! Ina takalmanka?"

Da silifas ɗin wanka na wuce Mayanka wurin abokina Khalidu. Ya zaɓo min farin rago mai baƙin wuya, ya ce, "Chale, wannan ragon ba ya da matsala koraa, ko kaɗan, ɗauki kawai." Muka ɗora shi a aboboyaa, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, har ƙofar gida. Gwaggo ta riƙe baki. "Tun yau? Ko wankan farko ba a gama ba ka zo ka ɗaure rago a idon jama'a?" Na ce a bar jama'a su kalla, ai sun daɗe suna kallonmu babu rago.

Sai da magariba na koma asibiti. Sun canja wa jaririyar ɗaki. Sun ce na kwana biyu ne.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan magariba

Ashe rabin 'yan ajina sun ga gudun nan. Ina shiga aka fara tari na ƙarya, ana leƙen ƙafata. To, malamin Turanci ba ya asarar abin kunya, darasi yake mayar da shi. Na ɗauki alli na rubuta musu ecstasy da manyan baƙaƙe. 'Yan baya suka tuntsire da dariya wai sunan ƙwaya ne. Na ce masu ƙwaya aro suka yi, kalmar ta girmi kakan kakansu.

Na gaya musu daga Girkanci ta fito, ta bi ta Latin da tsohon Faransanci kafin ta sauka a Turanci. Gaɓa biyu ce a asali, ɗaya tana nufin waje, ɗaya tana nufin tsayuwa. Wato murna ta kai mutum inda zai fita daga cikin kansa ya tsaya a waje, jiki yana can yana abin da ya ga dama, mai jikin ba ya ciki. Na ce, "Wanda kuka gani a Kejetia ba ni ba ne, ni ina waje." Suka yi ta tafi.

Da na ba Safiatu labari ta yi dariya har ta dafe ciki. "Ticha Asali," in ji ta. Sunan da ta sa min ke nan tun muna sabon aure, wai ko gishiri ta ce in miƙo sai na gaya mata asalinsa. Dariyar ba ta daɗe ba.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan masallaci

Kwalba suke ce wa abin, akwatin gilashi mai ɗumi. An jera su a ɗaki guda, sai ka cire takalmi ka wanke hannu kafin a bar ka ka leƙa. Tata tana kusa da taga. An sa mata siririyar roba a hanci, ƙirjinta yana hawa da sauka da sauri. A hannunta an ɗaura wata 'yar takarda, an rubuta jaririyar Safiatu.

An sallami Safiatu amma ta ƙi tahowa gida. Tana kwana a ɗakin iyaye mata, tana tatsar nono a kofi ana ɗura wa yarinyar. Gwaggo tana ta faɗan wankan jego ya wuce ta, tana dama kunun kanwa ina kai wa a fulas.

Na nemi takalmana a baranda, babu.

Asabar, 10 ga Mayu, hantsi

Matan gida sun fitar da yayi, atamfa iri ɗaya ta ranar suna, shuɗi mai ganye, kowa ta kai wa tela. Suna gwada ɗaurin kallabi a gaban ƙofata. In na fito sai su yi shiru su gaishe ni da murya ƙasa-ƙasa. Gara su ci gaba da hayaniyarsu.

Ragon yana cin ɓawon rogo da na borɗe, ayabar suya, kamar an aiko shi.

Litinin, 12 ga Mayu, bayan magariba

Gwaggo ta kira Liman har ɗakinta, aka aiko in zo. Na san zancen tun kafin in zauna.

Liman ya ce, "Malam Buraima, gobe bakwai. Yanka ba ya jiran sai an sallamo yarinya. A yanka, a faɗi suna, a yi mata addu'a, tana can albarkar za ta same ta."

Na ce Allah gafarta Malam, na ji, amma ina neman alfarma. Ni so nake ta shigo gidan nan tukuna. Wanzami ya aske ta a tsakar gida, a miƙa ta hannu-hannu, duk bakin da ya taɓa tambayar Safiatu "har yanzu shiru?" ya kalli fuskarta ya kira sunan. Ban yi wannan jiran ba don a yi wa ɗaki babu kowa suna.

Gwaggo ta ce, "Taurin kan ubanka ne ya motsa. Mu da muka haifa muka binne mun san abin da muke faɗa." Ta kama bakinta da ta ji abin da ya fito. Babu wanda ya kalli wani.

Liman ya ce akwai sauƙi, in bakwai ta wuce ana yi a bakwai ta biyu, ko ta uku. Na riƙe wannan da hannu biyu.

Talata, 13 ga Mayu, da safe

Yau Talata. Na tafi makaranta.

Alhamis, 15 ga Mayu, bayan la'asar

Sun cire robar hancin! Na tarar da Safiatu a kujera, an kwantar mata da yarinyar a ƙirji, fata da fata, an ɗaure su da zane. Nas ɗin, wata Asante mai fara'a, ta ce min da Hausarta, "Ticha, yarinya naka ya yi ƙoƙari paa. In ya ci gaba haka, sati mai zuwa gida." Na sa ɗan yatsana a tafin hannunta ta damƙe. Tana da kunnen babana, ɗan lanƙwasasshe daga sama. Allah Sarki, duk kyan Safiatu sai ta je ta ɗauko kunnenmu.

Na ji abin nan na ranar farko yana tasowa daga cikina. Na danne shi. Na sa takalmi a tsanake, na dube su sau biyu, na hau trotro kamar kowa, na amsa gaisuwar kowa daidai. Tsoron murna nake ji yanzu, ban san ana jin tsoronta ba.

Na dai biya ta wurin wanzami na ce ya shirya Talata.

Juma'a, 16 ga Mayu, bayan isha'i

Yarinyar ta sha nono da kanta yau, kaɗan. Khalidu ya zo duba ragonsa, ya ce, "Ticha, wannan kiwo kake ko suna? Ya kusa fin ƙarfin igiya." Na yi dariya, ta gaske.

Lahadi, 18 ga Mayu, azahar

Zazzaɓi. Sun mayar da ita kwalba.

Litinin, 19 ga Mayu, bayan magariba

Ruwa aka wuni ana yi, kwata ta cika ta shigo tsakar gida. Na jawo ragon ƙarƙashin rumfar girki, na jiƙe sharkaf, shi ko a jikinsa.

A asibiti na ce wa Safiatu zan sake ɗaga sunan zuwa bakwai ta uku. Ba ta ɗago ba, tana ta wanke kofin nan da ya riga ya fita. Na fara yi mata bayanin da Liman ya yi, sai ta ajiye kofin.

"Ticha, don Allah yau kam kada ka koya min komai."

Ta ci gaba.

"Ran da ta zo, kana fita ta fara shiɗewa. Launinta ya canja a hannuna. Na yi ta kiranka, na ce a duba baranda mijina yana nan. Aka dawo aka ce takalmansa ne kawai. Ni kaɗai na bi su da jini a ƙafata har ƙofar ɗakin nan. Kai kana can kana sayen rago."

Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi min. Ta ce ba laifi take ɗora min ba, likita ya ce ko ina nan haka za a yi. Ta ce so take kawai in sani, don ta gaji da jin labarin gudun nan ana dariya.

Na dawo gida a ƙafa cikin ruwan.

Talata, 20 ga Mayu, da safe

Wanzami ya zo da jakarsa, na manta ban aika masa ba. Gwaggo ce ta sallame shi a zaure. Ina jin su ta taga ban fito ba.

Laraba, 21 ga Mayu, lokacin tara

Kalmar tana nan a saman allo, babu wanda ya goge, ni ma na kasa. Na ba su aikin karatu na zauna na buɗe tsohon ƙamus ɗina, don hannuna ya sami abin yi.

Ranar nan ashe rabin bayanin na karanta musu, na tsaya inda ya yi min daɗi. A ƙasa an ce da farko kalmar ba ta murna ba ce ita kaɗai. Duk abin da ya fitar da mutum daga hayyacinsa suna kiransa da ita, firgita, ruɗewa, suma, har da baƙin cikin da ya wuce misali. Daga baya ne Turawa suka fi barin ta ga farin ciki. Na rufe littafin. Ba ni da niyyar ƙarasa musu darasin.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan la'asar

Roba biyu yanzu. Likita ya yi magana mai tsawo da Turanci, na gane kowace kalma, ban fahimci komai ba. Safiatu ta tambaye ni me ya ce, na ce ya ce a ci gaba da addu'a.

Ta bar ni na riƙe hannunta.

Juma'a, 23 ga Mayu, bayan masallaci

Matan gida sun daina shanya yayin nan a igiya. Ban san wa ya ce su daina ba.

Na tsaya a gaban kwalba na kira ta da sunanta a hankali, bakina a jikin gilashi. Ban sani ba ko sauti yana shiga. Gwaggo ta ce min da safe, "Buraima, a yanka gobe, ba sai Talata ba." Na ce Talata ai ta kusa. Ta dube ni ta dube ni, ta shige ɗaki.

Asabar, 24 ga Mayu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsi. Ina wurin.

Lahadi, 25 ga Mayu, bayan la'asar

Jiya bayan azahar muka kai ta maƙabartar Tafo. Ba a buƙaci makara ba. Khalidu ya kawo mota, na zauna a baya na ɗora ta a cinyata cikin tabarma.

Zan rubuta wannan don ban iya faɗa wa kowa ba. A maƙabarta na ga wani mutum da farar riga ya durƙusa a bakin ɗan rami, yana miƙa abu da hannu biyu. Na ga Liman ya dafa shi. Na ga ƙasa ta manne masa a gwiwa, na ce a raina wannan bawan Allah wa zai wanke masa rigar nan. Ina tsaye can gefe kusa da wata bishiya ina kallonsa, ina jin tausayinsa, ba na jin komai nawa. Sai da Khalidu ya ce, "Buraima, tashi mu je," na ga ashe gwiwata ce.

To, ga ragowar darasin, Ticha Asali. Sau biyu a wata guda na fita daga cikin kaina, kuma duka biyun yarinyar nan ce ta fitar da ni.

Masu gaisuwa sun cika gida. Kowa cewa yake Allah ya jiƙan jaririya, Allah ya sa mai ceto ce. Jaririya. A takardar asibiti ma haka aka rubuta. Ta zo duniya ta koma babu wanda ya kira ta sai ni, kuma ni na jawo, ni na rufe sunan a bakina ina jiran ranar da zan burge mutane. Wannan ne yake cina fiye da komai.

Ragon ya yi ta kuka ana tsakiyar addu'a.

Litinin, 26 ga Mayu, azahar

Na koma asibiti kwaso bokiti da fulas da zannuwan Safiatu. An riga an sa wani jariri a kwalbar kusa da taga. Ban leƙa ba.

Ina fita nas ɗin nan ta biyo ni da baƙar leda. "Ticha, kafra wai, sannu. Wannan naka ne? Tun ranar nan mai shara ya ajiye, mun ce in za ku tafi gida da yarinya mu ba ka, mu yi maka dariya." Takalmana ne. Har an goge su.

Na yi godiya. Na zauna a kan benci a baranda, daidai inda na yi sujada, na yi kukan da ban yi ba a Tafo. Mutane suna wucewa da kwanukan abinci, babu wanda ya dame ni.

Litinin, bayan magariba

Khalidu ya zo. Ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya ce Layya ta kusa, in ina so ya ɗauke ragon daga idona, ko in bar shi na Salla. Na ce zan yi tunani.

Safiatu tana kwance ta juya wa ƙofa baya, an ɗaure mata ƙirji da zane saboda nonon bai san abin da ya faru ba. Tun Asabar ba ta ce min komai ba sai "na ƙoshi". Ashe ta ji mu. Ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ragon ba na Salla ba ne. Nata ne."

Na je na sami Liman. Ya ce tunda ta zo da rai ta yi numfashi, malamai da dama sun ce ana yanka mata, ana kiran sunanta. Gobe ce bakwai ta uku.

Talata, 27 ga Mayu, hantsi

Bayan asuba aka shimfiɗa tabarma biyu a tsakar gida. Ni, Liman, Khalidu, da mazan gida. Babu kanofi, babu lasifika, babu wanzami. Goro da dabino a faranti ɗaya. Matan suka tsaya a ƙofofinsu da kayan gida, sai Gwaggo ce kaɗai ta fito da yayin nan shuɗi, har da kallabi. Ta ce ta ɗinka don sunan jikarta, kuma yau ne sunan jikarta, wanda bai so ba ya rufe ido.

Khalidu ya kwance ragon. Igiyar ta yi masa sawu a wuya. Na sa takalman nan na tsaya na riƙe ƙafarsa, kuma wannan karon ina cikin jikina sarai, na ji ɗumin gashinsa, na ji komai, babu inda na tafi.

Liman ya sunkuyo, na faɗa masa a kunne. Ya yi bisimilla, ya ɗaga murya yadda ake yi.

"Sunan yarinya Fa'iza. Fa'iza 'yar Buraima. Allah ya jiƙanta."

Wurin da ake guɗa ya zo, babu wadda ta yi. Aka shafa fatiha.

Sai na ji motsin labulen ɗakinmu. Safiatu ce a bakin ƙofa, ta dafa bango, ita da ta ce har abada bakinta ba zai kama sunan 'yar fari ba. Ta kalle ni ta ce, "Ticha, sake faɗa, ban ji da kyau ba."

Na faɗa.

"Fa'iza," in ji ta, a gaban Liman, a gaban kowa. Ta sake cewa, "Fa'iza," a hankali, kamar mai tashin yaro daga barci.

Na dubi Gwaggo, na ɗauka za ta ce wani abu a kan kunya. Ta tashi ta je ta kama Safiatu ta zaunar da ita a tabarma, ta ce, "Kira ta, 'yata. Kira ta ki ƙara."